Mai Wutar 'Yar Baƙa

Akwai wata riga a rataye a shagona, can bayan keken ɗinki, shuɗiya mai maɓallan ƙarfe. Kusan duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko ta sayarwa ce. Nakan ce mai ita bai zo karɓa ba tukuna. Ta Babanmu ce, Allah ya jiƙansa, ni na ɗinka masa da hannuna, kuma har yau in na kalle ta sai raina ya ɓaci. Wani lokacin haushinsa nake ji, wani lokacin tausayinsa, galibi dai duka biyun a haɗe.

Babanmu mai wuta ne a jirgin ƙasa, tun zamanin da jirgi ke cin kwal yana tafiya da tururi. Mutum biyu ne ke hawa kan jirgi, wato injin da ke jan taragu. Direba yana gefe guda riƙe da ƙarfen tuƙi, mai wuta yana ɗaya gefen da shebur, yana ɗura wa murhu kwal don ruwan tukunya ya yi ta tafasa. Tsakaninsu bai wuce ka miƙa hannu ka taɓa kafaɗar ɗan'uwanka ba. To wannan ɗan tsakanin shi Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana son ƙetarewa. Bai taɓa burin gidan sama ko mota ba. Shi dai ya tsaya a gefen direba, ya ja ƙarfen nan, jirgi ya motsa da izininsa.

Aikin nasu hawa-hawa ne. Ka fara da goge-goge a loko, wato rumfar da ake kwantar da kawunan jirgi, ka sha baƙin mai har uwarka ta kasa gane ka. In an ga hankalinka a ba ka shebur. In ka daɗe da shebur ba a kama ka da laifi ba, sai a kira sunanka a ce ka ƙetara. Baba ya yi wa wani direba wuta shekara da shekaru, wani ɗan ƙaramin mutum mai faɗan tsiya da ake kira Gajere. Kan jirginsu kuwa ma'aikata sun sa mata 'Yar Baƙa, don duk kawunan jirgi mata suke mayar da su, kada ka tambaye ni dalili.

A gaban mai wuta akwai wani ɗan siririn gilashi a tsaye, wanda ke nuna iyakar ruwan da ke cikin tukunya. Gajere ya koya wa Baba abu guda da ranƙwashi: wuta tana iya jira, ruwa ba ya jira. In ruwa ya sauka wuta na ci, tukunya za ta ƙone, wani lokacin ma ta fashe da mutane. Kuma suna da doka a tsakaninsu wadda ba a rubuta ko'ina ba, amma ta fi rubutacciya ƙarfi. Duk mai wutar da tukunya ta lalace a hannunsa, ya yi sallama da gefen direba har abada. Baba ya san wani da abin ya faɗa wa, ya ƙare yana sharar tasha. Ya ce in ya gan shi yakan gaishe shi da ladabi, amma ba ya iya kallon idonsa.

Wannan tsoron ya biyo Baba har gida. In ya dawo aiki, kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya buɗe randa ya leƙa. Buta ba ta kwana rabi a gidanmu. Innarmu na girki zai zo ya ɗaga murfin tukunya ya ce, "Ruwan nan bai yi ƙasa ba kuwa?"

Ita kuma ta ce, "To direban madafa, karɓi muciyar mana."

Sai ya yi dariya ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan ta zama matar direba na gaske.

Saura kaɗan ɗin ne ya zo da ƙarar kwana. An riga an gaya masa shi ne na gaba, har Gajere ya fara barinsa ya taɓa ƙarfen in suna tsaye a tasha, sai ga jiragen dizal sun iso. Su ba ruwansu da kwal balle mai wuta. Aka kwaso samari masu takardar makaranta aka koya musu tuƙi, aka jera su 'Yar Baƙa a bayan loko ciyawa ta rufe su. Baba kuma aka ba shi tuta aka kai shi mahaɗar titi da layin dogo, yana rufe wa motoci ƙofa. Yaran da ya girme wa ubanninsu su wuce shi a gefen direba, shi yana ɗaga musu tuta. A nan ya yi ritaya. Ban taɓa jin ya zagi kowa a kan wannan ba, ni ce dai nake zagi a madadinsa.

Bayan rasuwar Innarmu ya zama ba shi da abin yi sai zaman ƙofar gida. Ana nan sai aka ce za a mayar da tsohon loko gidan tarihi. Aka share, aka yi fenti, aka rataye tsoffin fitilu da ƙararrawar tasha da hotunan mutanen da duk sun mutu. Aka jawo kawunan jirgi biyu da suka fi saura kyan gani. 'Yar Baƙa aka sa ta cikin rumfa. Ɗayar aka bar ta a fili kusa da ƙofa, wata da ma'aikata ke kira Raguwa, don a zamaninta ba ta hawa tudu sai da lallashi. Da aka nemi wanda zai riƙa kula da su, ba a gama rufe baki ba Baba ya iso da tsummansa a aljihu.

Ni na raka shi ranar farko. Mutumin da ke tashi daga tabarma da nishi, sai ga shi ya haye matakalar 'Yar Baƙa ba tare da ya nemi hannuna ba. Bai kalli fentin ba, bai kalli ƙarfen tuƙi ba. Gilashin nan ya fara dubawa, ya goge shi da babban yatsa, ya sake dubawa.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, "kin ga rashin imani? Sun bar ta ba ko ɗigo."

Na ce, "Baba, ai ba tafiya za ta yi ba."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Kafin la'asar ya samo tiyo, ya jona da famfon bayan ofis, ya hau can ƙololuwarta ya kwance wata toshiya. Bai sauko ba sai da ruwa ya tsaya a tsakiyar gilashi, inda Gajere ya koya masa.

Haka ya zauna da ita shekaru masu yawa. Kullum da safe zai goge ta tun daga fitila har ƙafafu, ya ɗiga mai a kowace gaɓa, sannan ya duba gilashi. In ya ga ruwa ya ɗan sauka sai ya ɗauki bokiti. Yaran makaranta in an kawo su, a gaban gilashin yake tara su ya ce, "Kun ga wannan? Ran jirgi ke nan." Manajan gidan mutumin kirki ne, amma shi saninsa a takardun da ake liƙawa jikin bango ya tsaya. Ya ga jirgi na ƙyalli, baƙi na yabo, sai ya sa wa Baba albarka ya koma ofis. Raguwa kuwa Baba ko kallon arziki ba ya yi mata. Yakan kakkaɓe mata ƙura don kada a ce, amma ya bar ƙofar murhunta a hangame, kadangaru na shiga suna fita. Ya ce ita da ma can ba ta da zuciya.

Ni nake kai masa abincin rana, don shagona ba nisa. Na lura bokitin yana ƙaruwa. Da can sai a jima bai ɗauka ba, daga baya ya zama kullum, har ya kai ga safe da yamma. Ƙarƙashin 'Yar Baƙa kuma kullum a jiƙe, yana ta zuba yashi.

Na ce, "Baba, wannan tsohuwar taka ba ciwon suga gare ta ba kuwa? Wannan sha haka?"

Ya ce, "Tsufa ne. Ke ma in kin kai nan za ki ga yadda maƙogwaro ke bushewa."

Muka yi dariya na kwashe kwanukana na tafi.

Wata rana da hantsi ina cikin yanka yadi sai ga shi a ƙofar shago. Baba bai taɓa barin aiki da rana ya zo wurina ba, don haka na ajiye almakashi. Ya zauna a benci ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"Kina da shuɗin yadi mai kauri?"

"Na me?"

"Rigar direba."

Ashe wasu masu son tsoffin jirage ne suka haɗa hannu za su ta da kan jirgi guda, ya riƙa ɗaukar baƙi daga ƙofar gidan tarihi zuwa tsohon tankin ruwa ya dawo. Manaja ya ce ba wata sai 'Yar Baƙa, kuma ya yi wa Baba alkawari a gaban mutane cewa ranar farko shi zai ja ta. Ina auna shi ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Na ce ya tsaya cak ko in ɗinka masa hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ya ce in sa aljihu a ƙirji na agogo, haka ta Gajere take. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Da Innarku na nan." Bai ƙarasa ba ya fita, ni kuma na ci gaba da naɗe tef ɗin awo.

Kafin a kunna wuta sai an duba tukunya, wannan ko Baba ya sani. Aka ɗauko wata injiniya, mace mai furfura, ba ta da yawan magana, da tocila da 'yar guduma. Na tarar da su lokacin da na kawo abinci. Ta zaga 'Yar Baƙa tana shafa ta, ta ce ta duba jirage da yawa ba ta ga wanda aka riƙe da tsafta haka ba. Baba har wani ƙara tsawo ya yi. Sai ta hau sama, idonta ya faɗa kan gilashi.

"Baba, wannan ruwa ne a ciki?"

"Ruwa ne, 'yata," ya ce da alfahari. "Tun ranar da aka kawo ta bai taɓa sauka ba."

Ta juyo ta kalle shi. "Tun ranar da aka kawo ta?"

"Ko sau ɗaya."

Ta ce a zubar. Baba da kansa ya kwance famfon ƙasa, don bai yarda wani ya taɓa ba. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, wani jan kwaɓaɓɓen abu ne mai ɓarɓashi, yana wari, ya malale har bakin rumfa. Da ya tsiyaye ta shiga cikin tukunyar da tocilarta. Muna jin gudumar daga waje. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wannan kuwa wani bif-bif yake kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali. Ta fito da guntun bututu a hannu, ta matsa shi da yatsa ya ruguje.

Ba ta wulaƙanta shi ba, wannan na shaide ta. Ta ja shi gefe ta zaunar, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce jirgin da ke aiki dole ya sha ruwa, gaskiyarsa ce. Amma wanda aka ajiye, wanda ba wuta a cikinsa, a bushe ake barinsa, a buɗe ko'ina iska ta riƙa ratsawa. Ruwan da ya kwanta a ƙarfe mai sanyi tsatsa yake haifarwa, kuma kowane sabon bokiti ƙara mata ƙarfi yake yi. Ta ce tukunyar ta riga ta tafi, sai dai a ƙera sabuwa, wannan kuwa ya fi ƙarfin masu taimakon.

Baba ya ce, "Da na bar ta yadda na same ta fa?"

Matar ta kalli ƙasa. Ta so ta yi masa ƙarya, na gani a fuskarta, amma ba irin mutanen da ke iyawa ba ce. Ta ce, "Da ta tashi."

Ni na fara faɗa, don bakina ba ya jiran izini. Na ce ina manaja yake duk shekarun nan? Wa ya taɓa koya wa tsohon nan yadda ake ajiye jirgi? Shi tafiyar da jirgi aka koya masa, ranar da aka gama da jiragen ma tuta aka miƙa masa aka kore shi bakin titi. Baba ya ɗaga mini hannu ya ce, "Uwata, ya isa." Ya ɗauko tsintsiya ya fara share jan ruwan nan.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne Raguwa. Injiniyar ta ce bari ta leƙa ta tunda ta zo. Ta shiga, ta kori kadangaru, ta buga guduma, sai ga ƙarfe na amsawa tangaran. Rashin kulawar Baba ne ya cece ta. Ƙofar da ya bari a hangame ita ta sa ta bushe ƙayau duk shekarun nan. Aka ce to Raguwa za a tayar, aka kawo makanikai suka shiga aiki.

Manaja bai janye alkawarinsa ba. Har gida ya zo ya ce wa Baba kuskure ne na ƙauna, ba wanda ya riƙe shi da shi, kuma ƙarfen tuƙin Raguwa na jiransa. Baba ya yi godiya ya raka shi ƙofa. Ni kuma na ɗauka magana ta ƙare, na ƙarasa riga, na sa maɓallai, na yi mata guga har sau biyu.

Ranar da za a fara tafiyar, gidan tarihi ya cika maƙil. Raguwa na tsaye tana huci, hayaƙi na tashi, tsoffin ma'aikata da sandunansu suna ta share ido. An ɗauko wani matashin direban dizal da aka koya wa tururi don ya tsaya kusa da Baba. Na iso da rigar a leda, sai na hango Baba ya fito daga rumfa sanye da tsohuwar rigarsa ta mai wuta, wadda na ɗauka tun tuni an yi tsumma da ita.

Na tare shi. "Baba, ga rigarka."

"Riƙe mini tukuna."

"Wane irin tukuna? Ga mutane na jira."

Ya ce, "Uwata, tukunya ta lalace a hannuna."

Na gane inda ya dosa, tsohuwar dokar nan tasu, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Wace doka? Ta wa? Gajere ya mutu, kamfanin ya mutu, masu dokar duk suna ƙarƙashin ƙasa. Wa zai tambaye ka?"

"Mutumin nan mai sharar tasha," in ji shi, "shi wa ya yi masa sassauci? Shi rana ɗaya ya yi sakaci. Ni kullum nake zuwa da bokitina."

"Kai ai don ƙauna ka yi."

"Tukunya ba ta san wannan ba."

Manaja ya roƙe shi. Injiniyar ma ta sa baki, ta ce ita ce mai duba tukwane kuma ta yafe. Direban nan ya matsa gefe ya nuna masa wurin da hannu biyu, ya ce, "Baba, don Allah bismilla." Baba ya hau. Ya tsaya a tsakiya, ƙarfen tuƙi na kusa da kafaɗarsa, ko miƙa hannu sosai ba sai ya yi ba. Ya dube shi na ɗan lokaci. Sai ya juya ya ɗauki shebur.

Aka ce ba a taɓa ganin Raguwa ta yi tafiya irin ta ranar ba. Ni ban gani ba. Ina zaune cikin rumfa a kan matakalar 'Yar Baƙa da leda a cinya, ina kuka ina jin kukan jirgi yana nisa yana dawowa. Da Baba ya sauko fuskarsa baƙi ƙirin da kwal, ya zo ya zauna kusa da ni yana haki. Na ƙi kallonsa.

Ya ce, "Yaron yana da hannu. Sai dai yana saurin jan birki."

Bai ƙara hawa Raguwa ba, ya dai koya wa wasu riƙon shebur daga ƙasa. Ya ci gaba da goge 'Yar Baƙa har ƙafafunsa suka gaza, ya buɗe mata duk ƙofofi kamar yadda aka ce, ko da yake ba sauran abin da iska za ta ceta. Gilashin ne kawai ya ɗaure da ƙyalle. Ya ce in yana ganinsa wayam hannunsa ba zai bar bokiti ba.

A ciwonsa na ƙarshe na kai masa rigar har gado. Na ce ko a ɗaki ne ya sa in gani, in san ko na iya awo. Ya shafa maɓallan, ya zura yatsa a aljihun agogo, ya ce ɗinki ya yi kyau, Gajere ma bai sami irinta ba. Sannan ya miƙo mini ya ce in ajiye masa a shago, zai zo ya karɓa.